Ranar da Cokalina Ya Kamo Rawani

Cokalin na Inna ne. Gara in faɗa tun da fari, don har yau in anka yi baƙi a gidanmu anka kawo shinkafa cokula ba su isa ba, ni ake kallo.

Na bar lakol a sankiyem, aji biyu na sakandare. Ba korata anka yi ba, ni da benci ne ba mu shiri. Mushenmu, malamin lissahi, ya taɓa cewa da ana ba da sakamako kan leƙen taga, da ni ne na ɗaya a jahar Maradi duka. Daga nan na yi tallan ruwan sanyi a tashar Dakoro, na yi karen mota, motar ta kai mu Tabalak ta mutu can. Direba ya tahi neman kayan gyara, ni kuma na gangara bakin tabkin garin in wanke ƙafa. Ban sake neman motar ba. Rani guda na yi wajen wani masunci, ina ja mashi koma, ina fere kifi, ina cin dukan sauro.

Shi ya koya mani cokali. Da rana mutum ne na koma da taru kamar kowa, amma in la'asar ta yi sai ya ɗauki gwangwanin tumatir da ya naɗe da zare, ya bi gaɓa shi kaɗai. A bakin zaren ba tana, ba ƙullin tuwo, ba komi. Kan cokali ne anka yanke mashi mariƙi, anka huda gaba da baya, anka ɗaura ƙugiya uku baya da baya da ɗan jan ƙyalle. Sai ya wulwula shi bisa kai kamar majajjawa, ya saki, zare ya riƙa zuba daga gwangwani shi kaɗai. Ya bari ya ɗan nutse. Ya ja, ya dakata, ya ja ja, ya dakata. Cokalin shina tahowa cikin ruwa shina juyi shina walƙiya kamar ƙaramar karfasa da ta ji ciwo.

Na ce mashi, "Maigida, wane sakaran kifi ne zai ci ƙarfe?"

Ya ce, "Giwan ruwa. Shi ba ya cin abin da ke kwance. Abin da ke gudu yake bi."

Ranar da na ga ya jawo ɗaya, fari fat, ido kamar an kunna toci a ciki, ranar na san aikin da nike so. Masu fatsa da tana su zauna wuri guda kamar masu jiran gawa. Mai cokali kuwa in ya tsaya ya yi asara. Ka jefa nan, ka matsa, ka jefa can, ka bi gindin itacen da ruwa ya ci, ka koma. Karon farko ke nan da na ga sana'ar da ba a ce mani "zauna mana."

Damina ta faɗi, Baba ya aiko in taho noma. Na taho. Munka yi noma, munka yi girbi, anka ɗaure damma anka sa a rumbu. Ina ta haɗa ƴan tsummokarana in koma Tabalak, sai Baba ya kira ni rumfarshi ta kasuwa. Hatsi yake aunawa, tun kafin a haife ni. Bai ko ɗago kai daga tiyar ba.

"Kawunka ya yi kira daga Maradi. Shina son yaro a mangazarshi ta ajiyar hatsi. Kamiyon da zai kwashi wake bayan kasuwa mai zuwa ta sama, da kai zai tahi."

"Baba, mi zan yi a mangaza?"

"Ka zauna. Ka tsare buhuna."

"Buhu gudu yake?"

Ya share bakin tiya da gefen hannu, ya juye. "Bakinka wanga shi ya hana ka karatu."

Na ce mashi ni ina da sana'a, su nike so. Mutanen da ke rumfar sunka yi dariya har da mai tari. Baba ya ce a zuri'armu akwai manomi, akwai mai kiwo, akwai wanda ya yi fatauci har Agadas, amma bai taɓa jin wanda ya bi kifi ba. Ya ce su na masu gado ne, ni abin da na koyo yawo ne da cokali kamar mai neman gidan biki.

Nan bakina ya riga ni. Na ce, "Ko tabkinmu na nan akwai giwan ruwa. Ni na sani."

"Tabkin da jakai ke fitsari?"

"Shi."

Sai ya ɗago. Ya ce, "To. Ka fiddo shi in gani kafin kamiyo ya tashi, ka tahi Tabalak ɗinka. In ba ka fiddo ba, ka hau bisa wake ba tare da na ji bakinka ba."

Gaban mutane ya faɗa. Baba kuwa in ya yi magana gaban mutane ba ya tashinta, ko ta cuce shi.

Ba ƙarya na yi ba, ko da yake ban taɓa ganin giwan da idona ba. Tabkin shina can bayan gari in ka bi hanyar Korahan ka saki hanya, cikin wani kwari da bagaruwa ta kewaye. Shekarun da anka yi ruwa sosai ba ya ƙafewa duka, tsakiyarshi na riƙe ruwa har wata damina. Muna yara wasu mutanen furoje, masu aikin raya karkara, sunka taho da tanu-tanu, manyan gangunan ruwa, a bayan mota sunka juye ƴan kifi a tabkin, anka yi tafi, anka ɗauki hoto, sunka tahi. Kowa ya manta. Yara na kama tarwaɗa da hannu in ruwa ya ja baya, shi ke nan. Amma ni da damina, ina dawowa daga gona, na ga ƴan karfasa sun watse bisa ruwa kamar an watsa tsakuwa, na ji wani "bum" a ƙarƙashinsu. Wannan ƙarar na san ta. Tarwaɗa ba ta yin ta.

Cokalin da na zo da shi daga Tabalak wani yaro ya sace tun da damina. Don haka na shiga kwandon Inna na zaɓi wanda ya fi kauri. Na kai wa mai gyaran rediyo ya huda mani, na yanke mariƙin da zarto, na sa shi bisa dutse na ɗan lanƙwasa bakin. Wajen lanƙwasar nan aikin yake. In ta yi yawa cokali ya riƙa juyawa kamar farfela ya murɗe maka zare. In ta yi kaɗan ya taho miƙe kamar ƙusa, ko kwaɗo ba ya kallonshi. Na yi ta gwadawa cikin randar Inna da kwatarniyar wanki har ya riƙa rausaya yadda nike so. Na goge shi da toka ya yi ƙyalli.

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ke kai ni. Kabu-kabu yake yi, kuma bai taɓa kai ni kyauta ba tare da ya ci naman jikina da baki ba.

"Sarkin ruwan Dakoro! A ɗaure maka buhu nawa a baya, ko mu kira kamiyo?"

"Ja mu tahi, kai da babur ɗin aro."

"In ka kamo kwaɗo ni ke da cinya."

A fadarmu kuwa, inda muke shan shayi bakin titi, har suna sunka sa mani: mai ba kifi abinci da cokali. Wani ya ce in riƙa tahiya da miya.

Damuwar ita ce lokaci. Giwan ruwa da sassafe yake farauta, sai kuma in rana ta yi sanyi. Lokacin ne kuma duk dabbar da Allah ya halitta a ƙasar Dakoro ke gangarowa shan ruwa. Shanun Fulani, tumaki, jakai da bido-bidon ɗibar ruwa a baya, raƙuman Buzaye. Su shiga har gwiwa su dama ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Ni kuma ina tsalle tsakaninsu, in jefa nan saniya ta taka zare, in koma can jaki ya bi ni. Kullum ruwan ƙara ja da baya yake, laka na ƙara faɗi. In na kwanta ƙafafuna ba su kwanta ba. In na ji ƙarar babbar mota ta wuce sai in ga kaina zaune bisa buhu a Maradi ina korar ƙuda har in tsufa.

Abin da na kama a kwanakin nan: takalmin roba, reshen bagaruwa ba adadi, da wata tarwaɗa da ƙugiya ta soka a wutsiya bisa tsautsayi. Na sauya jan ƙyalle da fari. Na ja da sauri, na ja a hankali. Na bar cokali ya nutse har ya taɓa ƙasa, na ja shi sama-sama. Shiru.

Ana jibi kasuwa, da la'asar, ina tsaye wajen da raƙuma ke sha. Taubashina na zaune bisa babur shina cin gyaɗa. Sai ga shi, gabana kaɗan, ƴan karfasa sunka tashi sama, ruwa ya buɗe, na ga bayan abu fari ya juya. Bum.

Ban diba baya ba. Maigidana na Tabalak ya sha gaya mani, kafin ka wulwula ka waiga. Amma can Tabalak bayanka ba kowa sai ciyawa. Na ɗaga hannu na wulwula da ƙarfina duka, na saki, sai na ji zare ya yi nauyi ta baya. Na fizga.

Wani baƙin ƙyalle mai tsawo ya taho ta bisa kafaɗata ya faɗi cikin laka.

Na waiga. Wani tsohon Buzu ne tsaye da akalar raƙumi a hannu. Ƙugiyata ta kama amawalin rawaninshi, wanda ke rufe baki da hanci, ta warware shi har rabin rawanin ya sauka. Fuskarshi a buɗe. Na ga bakinshi, na ga farin gemu, na ga haƙoran da sunka rage. Bayanshi ga samari biyu, daga baya na ji ɗaya ɗanshi ne, ɗaya mijin ɗiyarshi.

Wanda bai zauna da Buzaye ba ba zai gane ba. Dattijonsu ko abinci zai ci ta ƙarƙashin amawali yake kai loma. Surukinshi kuwa har ya mutu ba ya ganin bakinshi. Gara da wandonshi na fizge.

Samarin nan sunka juya baya a tare, sunka kalli gabas kamar an kira salla. Tsohon ya sa hannun riga ya rufe fuska. Duk bakin tabkin ya yi tsit, har jakai. Taubashina kaɗai ya shaƙe da gyaɗa, ya kife bisa tankin babur kafaɗunshi na rawa.

Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na ce, "Baba... sannu."

Ya jawo rawanin daga laka a hankali, ya fiddo wuƙa daga damtse ya yanke zarena. Ya juya mana baya ya naɗa abinshi, da lakar da cokalin da ƙugiyoyin duka a ciki. Ya ja raƙuminshi. Samarin sunka bi shi, ba wanda ya kalle ni.

"Ka kamo babba," in ji taubashina, da ya samu numfashi. "Wanga ko a Tabalak ba su kama irinshi."

"Rufe mani baki."

"A kai shi rumfar babanka a auna?"

Kafin mu kai gida labari ya riga mu. Inna ta kwashe sauran cokulanta ta kulle a akwati, ta rataya makulli a wuya. Baba ya gama cin tuwonshi tukuna. Ya ce tsohon nan ya fi shekara ashirin shina sayen hatsi wajenshi, bai taɓa ganin ko leɓenshi ba, ni na gani rana guda. Ya ce, "Gobe ka tahi zangonsu ka ba da haƙuri. Ba don cokali ba."

Na ce to. Amma ni don cokali za ni. Ko da na samu wani, ba ni da lokacin lanƙwasa shi ya zauna daidai. Kuma na ga giwan. Na san inda yake.

Washegari bayan azahar taubashina ya sauke ni nesa da zangon ya ce shi nan ya tsaya, bai shirya mutuwa ba. Na taka da ƙafa. Bukkoki ne na tabarma da fata a bayan wani tudu. Na yi sallama. Anka shimfiɗa mani tabarma a inuwa, tsohon ya fito da wani rawanin daban, fari, ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Ya zauna. Ɗanshi ya kawo gawayi da ƴar buta.

Na buɗe baki in fara, tsohon ya ɗaga hannu. Ya tambayi lahiyar Baba. Ya tambayi lahiyar Inna. Ya tambayi gida, da gajiya, da zahi, da yadda gero ya yi bana. Na amsa. Ya sake tambaya daga farko. Wajensu baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an gama shayi, shayin kuma ba a gaggauta shi. Na san haka. Sanin bai hana ƙafata rawa ba.

Gawayin nan kamar da gangan yake ƙin kamawa. Yaron ya zuba, ya ɗaga buta sama, ya mayar, ya ɗanɗana, ya sake mayarwa bisa wuta. Ina kallon inuwar bukka tana tsawo. Yanzu ƴan karfasa sun fara taruwa gindin itace. Yanzu giwan ya fito. Gobe kasuwa, jibi kamiyo. Na gyara zama. Na sake gyarawa. Na cire ƙaya daga tabarma, na mayar da ita inda na cire.

"Tabarmar na da cinnaka?" in ji tsohon. Hausarshi a hankali take fita, kamar shina auna ta.

"A'a, Baba."

"To zauna."

Anka sha na fari mai ɗaci. Anka ɗora na biyu. Sai ya sa hannu bayanshi ya jawo baƙin rawanin jiya. An wanke lakar, amma cokalina na nan maƙale. Ya shimfiɗa bisa gwiwa ya fara cire ƙugiyoyin, zare ɗaya bayan ɗaya, da bakin allura, don kar ƙyallen ya yage. Irin rawanin nan ne mai shuni da ƙyalli, wanda ake ajiya don taro. Ni da na iya cire ƙugiya daga bakin kifi cikin ƙiftawar ido, na zauna ina kallo hannuna na ƙaiƙayi. Ban ce a ba ni in cire ba. Wannan kaɗai na san na yi daidai a ranar.

Da anka sha na ƙarshe rana ta riga ta yi ja. Na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri. Wallahi ban gan ka ba."

"Na sani. Da ka gan ni ka yi, da ba shayi muke sha ba." Ya ɗaga cokalin. Shunin rawanin ya kama shi, ƙyallin ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi. "Wanga mi ne? Laya?"

"Na kamun kifi ne."

"Kifi na cin ƙarfe?"

Na ba shi amsar maigidana. Na gaya mashi maganar Baba da kamiyo da mangaza, duka. Ya yi tsaki ta cikin amawali. Su ba su cin kifi, ƙyamarshi suke, ya ce bai ga abin da zai sa ɗan mutane ya bar hatsi ya bi abin da ke wari ba. Ya juya cokalin a tafin hannu.

"Amma zaman ɗaki ba daɗi," ya ce. "Na taɓa kwana asibiti a Maradi." Ya miƙo mani. "Gobe da hantsi kaɗan zan shayar. Ka zo ka yi abinka ina gani. Ni zan tsaya a bayanka, in ga ko ka koyi waiwaye."

Da sassafe ina can. Na so in goge shunin da toka, na fasa, ba lokaci. Ruwan ya kwanta cikin dare, ya ɗan yi haske, dabbobi ba su fara damawa ba. Tsohon ya iso da raƙumanshi da surukin nan nashi, ya tsaya bayana daidai inda ya tsaya shekaranjiya. Na waiga. Ya matsa gefe kaɗan. Na wulwula na jefa.

Ba komi. Na matsa wajen wata bagaruwa da ta faɗi cikin ruwa rassanta a waje. Ya biyo ni. Na waiga, na jefa gaba da itacen, na bar cokali ya nutse, na jawo shi ta gefen rassan. Ja, dakata. Ja ja, dakata. Na sake. Na sake. Kowane jifa sai na waiga, har wuyana ya fara ciwo, shi kuwa ko gezau.

A wata dakatawar ne anka fizge ni. Ba irin jan reshe ba. Zare ya shiga yatsana kamar wuƙa, gwangwani ya kuɓuce ya faɗi, na riƙe da hannu biyu ina ihu ban san mi nike cewa ba. Zaren ya yanka ruwa ya yi dama, ya dawo hagu. Sai ya fito. Ya tashi sama gaba ɗayanshi, fari, baki a buɗe, shina girgiza kai, cokalin Inna na lilo a gefen bakinshi. Raƙumi ɗaya ya yi baya ya yi kuka. Na ji tsohon ya ce wani abu da yarensu da ƙarfi.

Maigidana ya ce in ya tashi sama ka sassauta, in ya nufi itace ka hana shi. Na sassauta. Hanawar ce ta gagara. Ya nutse ya shige ƙarƙashin bagaruwar, na ji zare na gurzar reshe, na shiga ruwa har ƙugu ina ja, sai hannuna ya dawo ba nauyi.

Na daɗe tsaye cikin ruwan. Jini na ɗiga daga yatsana. Da na fito tsohon ya riga ya juya raƙumanshi. Bai ce mani sannu ba.

Ban koma gida ba. Na yi ta yawo cikin kasuwa, daga wajen dabbobi zuwa wajen masu tabarma, in dawo. Na ga kamiyon a bakin tasha ana loda mashi wake. Taubashina ya gan ni, ya buɗe baki, ya kalli hannuna, ya rufe. Daga ƙarshe na je rumfar Baba na zauna bisa buhu, na ce bari in fara koyo.

"Ina giwan?" in ji Baba.

"Ya tsinke."

"Uhm." Ya ci gaba da awo. Mutanen rumfa sunka fara murmushi. Wani ya ce kifin da ya tsinke kullum shi ne babba.

Bayan azahar sai ga tsohon da buhunan fata biyu. Anka gaisa, gaisuwar nan tasu mai tsawo. Baba ya fara ba shi haƙurin abin da ya faru, ya ɗaga hannu ya ce an sha shayi, ta wuce. Ya zauna anka fara auna mashi gero. Ko kallona bai yi ba. Sai da buhu ɗaya ya cika ya ce, "Abin da yaronka ya faɗa, akwai shi."

Baba ya tsaya da tiya a hannu.

"Na gani da safe. Ya fito daga ruwa da ƙarfen a baki." Ya miƙa hannu, ya sa ɗayan a kafaɗa, shina nuna tsawon kifin. Ya ɗan yi tunani, ya matsar da shi zuwa tsakiyar ƙirji. "Mummuna ne. Ban ƙara shayar da raƙumana wajen itacen nan."

Baba ya ce, "Ni cewa na yi ya fiddo in gani."

"Ya fiddo. Kai ne ba ka nan." Ya gyara amawali. "Ni ba cin abin nike ba, ba kuma abokina ne yaron ba. Kai ka san abin da ya yi mani."

Baba ya kalli tsohon. Ya kalli yatsana da na naɗe da tsumma. Ya cika tiya, ya share bakinta, ya juye. Ya sake cikawa. Ni dai ina zaune bisa buhun nan, ban motsa ko yatsa ba, numfashi ma a hankali nike yi.

"Rani guda," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Ruwan farko in ya sauka in gan ka a gona. Kawunka kuma kai za ka kira shi da bakinka ka gaya mashi."

Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Tsohon ya ce, "Ka ga, cinnakan sun dawo."

Kamiyo ya tashi da wake ba ni. Ni motar ƴan kasuwar Abalak na jira, daga can in kama hanyar Tabalak, taubashina ya kai ni tasha shina ta roƙon in aiko mashi da rawani in na kamo wani. Ina shirin hawa sai ga Inna da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin rogo. Ta tura mani a hannu. Na ji wani abu mai tauri a ciki, na buɗe. Cokali ne, cikin waɗanda ta kulle.

"Na cin abinci ne," ta ce. "Ka ji ko? Na cin abinci."

Na ce na ji, Inna. Mota ba ta fita gari ba na fiddo shi ina danna bakinshi da babban yatsa. Kaurinshi ya yi daidai.